Tsohuwar da Na Ajiye a Gonar Kawu

Shekarun baya, lokacin da na fara samun masu karanta ni har kaina ya soma kumbura, na rubuta wani littafin almara da ya kusa jawo wa kawuna asarar noman shekara guda. Da yawanku kun sha tambayata me ya sa littafin nan na tsohuwar rijiya ya tsaya ba zato ba tsammani, alhali na cika baki cewa sai ya kai littafi na biyar. Amsar tana da tsawo, shi ya sa nake ta kauce mata. Yau dai ina da caji a waya, kuma ba ni da abin yi, bari in ba ku labarin.

Ina da wata lalura a rubutu wadda har yau ban rabu da ita ba. Zan iya gina birni a bayan gajimare, in ba doki fukafuki, in sa kogi ya yi magana, duk wannan ba ya ba ni wuya. Amma da zarar jarumina ya gaji yana son zama, sai na nemo masa dutsen da ni kaina na taɓa zama a kai. Ba na iya rubuta wurin da ƙafata ba ta taka ba. Don haka ara nake yi. Kasuwar ƙattai da kuka karanta, layin mahauta ne na nan Jega, na dai ƙara wa wuƙaƙen tsawo. Dajin da ba a fita, hanyar Maiyama ce ranar da mota ta lalace mana muka wuni babu ruwa. Ba wanda ya taɓa ganewa, domin nakan sauya wa wuri kamanni kafin in sa shi a labari.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare. Rubutun a waya nake yi da babban yatsa, wani sa'in lokacin tara, wani sa'in a bayan kabu-kabu, in tura babi a guruf, kafin in sha ruwa an fara cewa a ci gaba. Wanda bai taɓa yi ba gani yake mai rubuta almara ya fi kowa hutu, tunda ƙarya ce zai shara yadda ya ga dama. Wallahi ba haka ba ne. Mai rubuta labarin gida ya tarar da duniyarsa a gine. Ni kuwa sai na yanke yadda rana ke fitowa a ƙasata, da abin da ake ci, da abin da ke kashe aljani da abin da ba ya kashe shi, sannan in riƙe duk wannan a ka tsawon wata da watanni. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran abin da suna littafi ba. In ta ga na ƙura wa waya ido abinci yana hucewa, sai ta ce, "Ana nan ana ƙaryar?"

Ina da wani aboki mai rumfar cajin waya a kasuwar Jega, wanda ke tura wa mutane wa'azi da labarai a memori. Allah Ya ba shi murya. Shi ya ce in bari ya riƙa karanta babina yana naɗa, don waɗanda ba su iya karatun boko ba su samu. Na amince da murna. Kafin wani lokaci labarina ya shiga motocin da ke zirga-zirga tsakanin Jega da Aliero, mahauta na saurare suna fiɗa, 'yan kabu-kabu na saurare suna jiran fasinja. Ranar da na shiga mota na ji ana gardama a kan jarumina, ban san lokacin da na biya wa na kusa da ni kuɗin mota ba.

A littafin nan akwai wata tsohuwar aljana mai zama a gefen rijiya. Da na zo siffanta wurin, hankalina ya tafi gonar kawuna, ƙanen mahaifiyata, da ke Jiga Birni, inda nake zuwa hutu tun ina yaro. Akwai tsohuwar rijiya a can mai karyayyen baki, da goruba mai reshe uku wadda tsawa ta ƙone ɗaya, da wani farin dutse mai kama da turmin da aka kife. Ranar kuwa gaggawa nake yi, masu karatu sun dame ni. Sai na kwashe wurin yadda yake na zuba, ban sauya ko reshe ɗaya ba.

Na kuma kafa wa tsohuwar dokoki, kamar yadda ake yi wa kowane dodo na kirki. Ƙarfe ba ya cin ta, wuta ba ta ƙona ta. Duk wanda ya ratsa ta ƙasarta a miƙe ba ruwanta da shi, amma wanda ya duƙa, ta ɗauka ya yi mata mubaya'a, sai ta riƙa zare sunayen 'ya'yansa daga kansa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama yana kallon ɗan cikinsa ya rasa da me zai kira shi. Sannan na ƙara da cewa alamar farko ta wanda ta kama ita ce zai fito yana rantsuwa cewa babu ita. Ranar da wannan ta ƙarshe ta faɗo mini, har tafa wa kaina na yi.

Damina ta wuce, aka shiga lokacin dashen albasa. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da mahaifiyata zaune a ƙofar ɗakina, abin da ba ta saba ba. Ko amsa gaisuwata ba ta gama yi ba ta ce, "Wace tsohuwa ta kak kai gonar ƙanena ka aje?"

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Za ka gane. Matarshi ta kira ni. 'Yan ƙwadago sun ƙi shiga gonar, iri na nan shina tsufa. Shi ba ya hwaɗa maka, ka san halinshi. Kowa ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Ka tashi ka tahi."

Ga waɗanda ba 'yan wajenmu ba, bari in ɗan yi bayani. Albasa ba a shuka ta kai tsaye. Ana yayyafa iri a ɗan fili, in ya tasa sai a cire a dasa ɗaya-ɗaya a fangali, wato ƙananan gadajen da ake ba ruwa. Aikin yana son hannu da yawa a lokaci guda, domin in iri ya wuce lokacinsa, ko ka dasa sai dai ya yi maka ganye, ba ya yin kan kirki. Kuma aiki ne da tun safe har yamma a duƙe ake yin sa. Shi kuwa Kawu, geronsa na ci ne kawai. Sutura da magani da makarantar yara da duk wata hidimar gida, albasar nan ce.

Na same shi a gona shi da babban ɗansa, su biyu tak a filin da ke buƙatar mutum ashirin. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "A'a, malamin aljannu. An iso lahiya?" Ya koma ya duƙa. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Ɗan nasa ne ya ba ni labari. Wani direba ne ya fara cewa shi fa ya san wannan gorubar. Magana ta bi gari kamar wasa, matasa suna zuwa kallon dutsen suna dariya. Sai aka yi rashin sa'a, wani magidanci mai 'ya'ya da yawa ya yi wa Kawu sharar gona, ya koma gida a gajiye, ya zo kiran ɗaya daga cikin yaran ya kira sunan wani, ya gyara ya sake kiran na wani. Abin da kowane uba ke yi kullum. Amma matarsa tana cikin masu sauraren labarin. Nan take ta ɗora hannu a ka.

Na je wurin dattijon da ke haɗa 'yan ƙwadago a garin, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurare ni tsaf. Sannan ya ce, "Ɗana, mu hwa ba mu ce gaskiya na ba. Liman ma ya yi magana bayan salla, yac ce tatsuniya ta, kowa ya gyaɗa kai. Amma bana aiki ya yi yawa, ko'ina kiranmu akai. In ga gona goma suna biɗar mutum, domi za shi zaɓi wadda ad da magana a kanta?"

Ni kaina da ni ne ɗan ƙwadagon, da gonar maƙwabci zan tafi.

Dabarar da ta fara zo mini ita ce wadda za ta zo wa kowa. Na koma Jega, na sa abokina ya naɗi muryata, na ce ni ne marubucin, na rantse da Allah cewa babu wata tsohuwa, ni na ƙirƙire ta a bayan aji lokacin tara. Aka tura ko'ina. Bayan kwana biyu na hau kabu-kabu daga Aliero zuwa Jiga Birni, mai mashin bai san ni ba, muna tafe yana ba ni labarin gari. Sai ya ce, "Ai ka ji har shi mai rubutun ta kama shi. Ya hito shina ta rantsuwa wai babu ta. Kuma ka san alama ta hwarko kenan." Ni dai ina bayansa ina kallon gonaki. Da na sauka har addu'a ya yi wa marubucin, ya sa na ce amin.

Sai na ce to, tunda baki ya gaza, bari jiki ya yi magana. Ranar Asabar na tuɓe riga na shiga gonar, na zaɓi fangalin da ke dab da rijiyar don kowa ya gani, na duƙa na fara dashe. Ni da rabona da aikin gona tun ina sakandare. Da hantsi na fara jin kamar ana ɗaure mini ƙugu da igiya. Kafin azahar na zo miƙewa, baya ya ce bai san zancen ba. Haka na ratsa tsakiyar gari a tanƙware, hannu ɗaya a ƙugu ɗaya a kafaɗar ɗan Kawu, mata suna leƙe ta zana, wata har salati take yi. Da Kawu ya dawo ya same ni kwance rub da ciki a zaure, ya tsaya a kaina ya ce, "Ka gama taimakon? To don Allah ka huta haka nan, kar ka ƙara."

Abu ɗaya ya rage. Tunda a labari na kawo ta, a labari zan fitar da ita. Ina kwance na rubuta babi mai zafi, jarumina ya zo da takobin kakanninsa ya sare ta gida biyu, rijiya ta yi tsawa, shi ke nan. Na kai wa abokina na ce ya karanta yau-yau. Ya duba, ya miƙo mini wayata.

Ya ce, "Ba zan karanta wannan ba."

Na ce, "Saboda me?"

"Tun babin da ta fito ka ce ƙarfe ba ya cin ta. Kai ka manta, su ba su manta ba. Mai karatu yana tsallake layi, mai saurare ba ya tsallakewa. In na saki wannan, cewa za su yi an biya ka ne ka rufe magana, ko ita ce ta sa ka rubuta don a saki jiki a dawo a duƙa mata."

Raina ya ɓaci. Ina da saurin hawa, waɗanda suka san ni sun sani. Na ce masa littafina ne ko nasa? Ya ce nawa ne ranar da na rubuta shi, amma yanzu na motocin Aliero ne. Na fice daga rumfar ko sallama ban yi ba, ina tafe ina ƙunƙuni, kuma tun kafin in fita kasuwa na san gaskiya ya faɗa. Na sake duba dokokin ɗaya bayan ɗaya ko zan sami ƙofa. Babu. Na rufe ta ta ko'ina, da hannuna, ina tafi.

Tsoro ya kama ni na gaske a lokacin. Da na koma gonar na ga irin ya fara kauri, bakin ganyen yana rawaya. Kawu ya rame a 'yan kwanakin. Kowa a gidan kuma yana gaishe ni da fara'a kamar ba ni ba ne. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Da yake bayan bai sake ni ba, sai washegari aka bar ni a gida, ina zaune a tsakar gida ƙarƙashin rumfa tare da Kaka, mahaifiyar su Kawu da mahaifiyata. Ta tsufa ƙwarai. Baya ya tanƙware har ba ta iya ɗaga kai, ido ya yi rauni, hankali kuma yana zuwa yana tafiya. Da can ita ce mai tsokanata, tana kirana mijinta marar cefane. Yanzu ba ta gane ni. In kana so ta ga fuskarka sai ka duƙa sosai ka kawo ta daidai tata. Duk zuwan da nake yi nakan gaishe ta a gurguje in wuce. Ranar ce kawai na zauna, don ba ni da wurin zuwa.

Wata maƙwabciya ta shigo aron rariya, ta duƙa ta gaishe ta. Kaka ta ƙura mata ido ta ce, "Mi sunanki?" Ta faɗa. Kaka ta kawar da kai. Can wani ɗan'uwanmu ya shigo, magidanci, ya duƙa. Wannan karon har hannu ta kai ta shafa fuskarsa. "Mi sunanka?" Ya faɗa. Ta girgiza kai ta ce, "Ba kai na ba." Ni ma na lallaɓa da ciwon bayana na duƙa. Ta tambaye ni, na faɗa, ta ce ba ni ba ne.

Na tambayi matar Kawu wa take nema. Ta ce, "Wa za ta nema in ba babban kawunku ba?"

Labarin na san shi, amma kamar yadda ake sanin tsohon tabo a jikin wani. Babban ɗan Kaka ya bi motar albasa zuwa Kurmi, can kudu, tun kafin a haife ni, bai dawo ba. An nema har an gaji, ba a ji mutuwarsa ba, ba a ji rayuwarsa ba. Matar Kawu ta ci gaba da tankaɗe tana cewa, "Ka san ɗan hwari na. Tun ranar da anka raɗa mai suna ba ta taɓa hidda shi da bakinta ba, don kunya. Sai dai ta ce wancan, ko yaron ga. Ko ranar da yat tahi, ba ta kira shi ba."

Na zauna ina kallon Kaka. Tsohuwa a tanƙware, wadda ba ta ganin kowa sai wanda ya duƙa, tana karɓar sunaye. Ashe ba rijiya da goruba kaɗai na aro daga gidan nan ba. Kuma sai na lura da wani abu da ya ba ni kunya a matsayina na marubuci: na yi wata da watanni ina tsorata mutane da tsohuwar nan, ban taɓa tambayar kaina me za ta yi da sunayen ba. Na ba ta dokoki, na ba ta haƙora, ban ba ta dalili ba. A raina na ce, wata ƙila sunan da ba a taɓa furtawa ba shi ne ke fara gudu in tsufa ya zo. Wata ƙila Kaka ta manta shi ne, take laluben sa a bakin mutane.

A nan tsakar gidan na rubuta babin, ina zaune a kan kifaffen turmi, kaji suna bi ta ƙafata. Ban karya doka ko ɗaya ba. Jarumina ya ajiye takobi a gida. Ya bi ƙauyuka yana tambayar tsofaffi, har ya sami wata ungozoma da ta halarci sunan ɗan farin tsohuwar tun zamanin da ba a tunawa. Ya dawo rijiyar, ya duƙa da gangan, ya kawo fuskarsa daidai tata, ya raɗa mata sunan a kunne. Ta maimaita shi da ƙarfi, karo na farko a rayuwarta. Sai bayanta ya miƙe. Ta kwance bakin zanenta, sunayen 'ya'yan mutane suka watse kowanne ya koma kan ubansa, ita kuma ta bi gabas tana tafe tana kiran ɗanta, ba ta waiwayo ba. Rijiya ta koma rijiya. Sunan kuwa ban rubuta shi ba, na bar shi tsakaninsu.

Na kai wa abokina ba tare da na ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Yana cikin naɗa ya tsaya, ya fita bayan rumfa ya wanke fuska, ya dawo yana cewa wai motar albasa ce ta wuce ta shigar masa ido. Ya sake daga farko. Ranar kasuwa duk wanda ya kawo caji sai ya tura masa kyauta, direbobi kuwa har tasha ya bi su.

Ba a yi wani taro ba, ba wanda ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Wata safiya dai sai ga dattijon nan da mutum huɗu. Washegari suka ƙaru. Na ga ɗaya daga cikinsu ya tsaya a bakin rijiyar kafin ya fara aiki, ya dubi gabas ya ce, "Allah shi haɗa ta da ɗanta," sannan ya naɗe wando ya duƙa. Ban sani ba ko wasa yake yi. Ina jin shi ma bai sani ba.

An gama dashen, amma an makara. Irin da ke gefe ɗaya ya riga ya wuce, ganye kawai ya yi. Abin da Kawu ya kwashe a shekarar bai fi rabi da ɗan wani abu ba, kuma kwanon rufin da ya yi niyyar sa wa ɗakin Kaka sai da ya ƙara shekara. Har yau bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Ni ne dai in na ga buhun albasa a tasha nakan kawar da kai.

Kawu ba ya sauraren labarai, ya ce ɓata lokaci ne. Amma ranar ƙarshe ta dashen, ana hutun azahar a gindin gorubar, wani ya kunna babin a wayarsa, shi kuma yana zaune yana cin ɗumame, bai tashi ba. Da la'asar muna tafiya gida mu biyu, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Inna ta kar rubuta."

Na ce, "Ita ce, Kawu."

Muka ɗan taka. Ya ce, "Kana ganin mancewa tay yi?"

Na ce haka nake zato.

Da muka shiga gida ko ƙafa bai wanke ba ya nufi rumfar. Ya duƙa a gabanta, da bayan nan nasa da ya wuni a duƙe. Ta shafa fuskarsa ta ce, "Mi sunanka?" Ya ce, "Ni na, Inna, autanki. Sunan Yaya kika biɗa?" Sai ya matsa kusa da kunnenta ya faɗa mata, a hankali, kamar yadda jarumina ya yi. Ni ina tsaye a baya, kuma ba zan ɓoye muku ba, jira nake in ga babina ya faru a gabana.

Kaka ta ja mayafi ta rufe baki, ta kawar da kai gefe kamar amarya a gaban surukai. Ta ce, "Kai, marar kunya. Wa yac ce maka na mance?" Har na ɗauka hankalin ya sake tafiya. Can ta ce, "Jira nikai in ji wanda za shi amsa shi."

Kawu ya daɗe a duƙe. Da ya miƙe bai dubi kowa ba, ya ɗauki buta ya fita.

Littafin bai ƙara tafiya ba daga nan. Na gwada, Allah Ya sani. Na kawo sabon dodo mai kai bakwai, na kawo yaƙi, amma jarumin yawo kawai yake yi, ni ma ina biye da shi. Ashe tsohuwar ce ke riƙe da labarin gaba ɗaya, kuma na sallame ta don albasa. Ban yi nadama ba, ko da yake har yau ina jin kewar littattafai huɗun da ban rubuta ba.

Tun daga lokacin, in zan ari wuri sai na tuna yana da mai shi, kuma mai shi yana da abin da zai ci a shekara. In zan kafa doka a duniyata nakan daɗe ina juya ta, don na san ni za ta fara kamawa. Duk dodon da na ƙirƙira kuma, kafin in ba shi haƙori nakan zaunar da shi in tambaye shi me ya rasa. Waɗannan su ne darussan da zan iya ba matasan da ke turo mini babinsu in duba, kuma ina ba su.

Akwai wanda ban iya koyarwa, don ni ma ban gama koyon sa ba. Na zauna gaban Kaka wuni guda, na ɗauka na gano ta, har na rubuta babin da ya sa ƙato wanke fuska a bayan rumfa. Kuma na kuskure. Na ba tsohuwata mantuwa saboda mantuwa tana da magani, ana iya nemo ungozoma a warware ta kafin babi ya ƙare. Abin da ke damun Kaka ba shi da babin ƙarshe. Ta rayu shekaru kaɗan bayan haka, kuma na riƙa zuwa Jiga Birni fiye da da, ba don neman labari ba. Abin da muka iya yi mata kawai shi ne mu duƙa, mu faɗi sunanmu na gaskiya, mu ji ta ce ba mu ba ne. Haka muka yi ta yi har Allah Ya karɓi abinSa.